Mai Tallan Da Ba Shi Da Inuwa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. A kan wannan karin magana aka yi ciniki shekara da shekaru a kasuwannin ƙasar Damagaram: mai sayen sa ya buɗa bakinsa ya dubi haƙora, mai sayen hatsi ya tura hannu har gindin buhu, mai sayen magani kuwa, tun da ba shi da hanyar sanin abin da ke cikin ƙulli, sai ya dubi fuskar mai sayarwa. Fuskar nan ita ce jingina. In magani ya yi aiki, ita za a yi wa godiya. In ya cuci mutum, ita za a nema ran kasuwa mai zuwa.

Yau ga wani sabon mai talla ya doso Magarya da Dungas. Ba ta Tinkim zai biyo ba, ba kuma ta Adare ba. Ba ɗan duwan da zai tsai da shi, ba jandarman da zai tambaye shi takarda, domin a cikin wayar salula yake tafiya. Yana da fuska mai kwarjini da farar riga irin ta likita, ko kuwa babbar riga da hula irin ta alhazan birni. Yana sallama, yana murmushi, yana rantsuwa cewa shi da kansa ya gwada kayan ya ga amfaninsu. Aibinsa guda ne: ba a haife shi ba. Ba shi da uwa, ba shi da gari, ba shi da inuwa. Na'ura ce ta ƙaga shi, ta hanyar fasahar nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Tambayar da ta taso a ƙasashe da dama, wadda kuma ta cancanci a yi ta a nan tun da sauran lokaci, ita ce: shin wajibi ne mai kaya ya faɗa wa jama'a cewa wanda ke yi masa talla ba ɗan Adam ba ne?

Talla mai gida

Talla ba baƙuwar sana'a ba ce a ƙasar Hausa, kuma tun asali kowane mai talla yana da ƙofar gidan da za a iya bugawa. Yarinyar da ke yawo da ƙwaryar fura, kowa a unguwa ya san ɗiyar wace ce. Ranar da fura ta yi tsami, uwar ce za ta ji a kunnenta. Sankira da mai shela, an san su, an san ubangidansu. A kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ke ci ran Alhamis, inda mutanen Dungas da na Malawa ke kora bisashensu, dillali yana karɓar la'ada ne saboda ya tsaya shaida: in daga baya aka gano saniyar sata ce, shi za a fara kamawa. Hatta mai maganin gargajiya da ke ɗaura lasifika bisa mota yana cika kasuwa da alkawura, ya san akwai ranar da zai sake biyowa ta wannan hanya, kuma waɗanda suka saya suna nan ba su ƙaura ba. Da rediyo ya zo, aka ci gaba a haka: muryar da ke karanta sanarwa a Muryar Sahel ko a gidan rediyon karkara murya ce ta wani sananne, wanda ake gamuwa da shi a wurin suna da wurin jana'iza.

Wannan bai sa masu talla suka zama waliyyai ba. Zuga da kambamawa suna cikin sana'ar, kuma mai saye ya san da su. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In maroƙi ya ce alhaji ya fi kowa a duniya, mai sauraro yana rage abin da ya kamata ya rage. Abin da ke riƙe da kasuwa shi ne kunya da tsoron gobe: mai talla yana iya wuce gona da iri, amma akwai iyakar da ba zai ƙetare ba, don yana da sunan da zai ɓaci, yana da ƴaƴan da za a yi wa gori.

Akwai wata tsohuwar dabara da kasuwa ta daɗe da sani, kuma ta daɗe da ƙi. Mai kaya ya haɗa baki da wani, shi kuma ya shigo cikin taro kamar baƙo, ya yi ta yaba kaya, ya ƙara farashi alhali ba saye zai yi ba, ko ya rantse cewa wannan magani ne ya tashi mahaifinsa daga kwance. Malaman fiƙihu suna kiran ƙarin farashin nan na yaudara najashu, kuma sun haramta shi tare da algus da ɓoye aibin kaya. Ƙagaggen mutumin da na'ura ke ƙerawa jikan wannan ɗan haɗin baki ne. Bambancinsu shi ne na da ana biyansa, yana gajiya, ana iya gane shi a kasuwa ta gaba a yi masa ihu. Na yanzu kuwa ba ya cin ko dala, yana iya magana a wayoyi dubu a lokaci guda, kuma ranar da asiri ya tonu babu wuyan rigar da za a riƙe.

Iri uku, hukunci uku

Ya kamata a rarrabe, don kada a yi wa jaki da taiki duka ɗaya. Iri na farko shi ne mutumin da aka ƙaga ɗungurungum, wanda bai yi kama da kowa ba. An ciyar da na'ura hotuna da muryoyi masu ɗimbin yawa har ta koyi yadda fuska ke motsi da yadda magana ke fita. Sai a rubuta mata abin da ake so a faɗa, ita kuma ta fito da mai faɗa. A watan Agusta na 2025 mujallar Vogue ta buga tallan tufafin kamfanin Guess da hoton wata mace wadda babu ita a duniya; an rubuta cewa na'ura ce ta yi ta, amma da ƙananan baƙaƙe a gefe, inda sai mai neman rubutun ne zai gan shi. A watan Satumba na wannan shekara aka gabatar da wata ƙagaggiyar ƴar wasa mai suna Tilly Norwood, har ƙungiyar ƴan wasan Amurka, SAG-AFTRA, ta fito ta yi tir da abin. Ƙungiyar nan ce ta yi yajin aiki na kwana 118 a 2023, kuma batun ƙirƙirarriyar basira yana cikin manyan dalilanta.

Iri na biyu shi ne satar fuska ko murya ta mutum na gaske. A ɗauki bidiyon wani sananne, a kwaikwayi muryarsa daga ɗan guntun magana, a daidaita motsin leɓɓansa da kalmomin da bai taɓa furtawa ba. A watan Oktoba na 2023 ɗan wasan Amurka Tom Hanks ya gargaɗi jama'a cewa ana tallan wani tsarin kula da haƙora da siffarsa ba da saninsa ba. A maƙwabciya Nijeriya, masu binciken gaskiyar labarai sun sha tona bidiyoyin jabu da ke nuna Alhaji Aliko Ɗangote yana kiran mutane su zuba kuɗi a wata harka mai riɓanya riba, da wasu masu nuna sanannun masu karanta labarai na talabijin suna tallan maganin hawan jini. Madam Ngozi Okonjo-Iweala, shugabar Hukumar Ciniki ta Duniya, ita ma sai da ta fito ta ƙaryata irin wannan bidiyo da aka yi da fuskarta. A watan Mayu na 2025 fadar Vatikan ta ƙaryata wani dogon jawabi da aka ƙaga da muryar Fafaroma Leo na 14, wai yana yi wa Kyaftin Ibrahim Traore na Burkina Faso, bayan ya gama zaga wayoyin mutane. Wannan iri ba talla ba ne, sata ce da zamba, kuma babu wata sanarwa da za ta halatta shi.

Iri na uku shi ne amfani na gaskiya. Mai sana'ar sabulu a Bande ko mai tara riɗi a Dogo-Dogo, wanda ba shi da kuɗin ɗaukar ɗan wasa da mai kamara, yana iya samun tallan da zai nuna a Kano da Yamai da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wannan ci gaba ne, kuma duk dokar da za ta hana shi ta cuci ƙaramin ɗan kasuwa ta bar babba. Abin da ake nema a wurinsa ƙanƙane ne: ya faɗa.

Da can harshe ya kasance katanga. Macucin da ke zaune a wata ƙasa mai nisa ba ya jin Hausa, na'ura kuma in ta yi Hausa sai yara su yi dariya. Katangar nan tana zubewa. Tun 2013 Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara. A 2023 kamfanin Meta ya fito da na'urar da ke mai da rubutu magana a harsuna fiye da 1,000, har da Hausa. A watan Satumba na 2025 gwamnatin Nijeriya ta ƙaddamar da N-ATLAS, mai aiki da Hausa da Yarbanci da Ibo. Abincin da irin waɗannan na'urori ke bukata, wato muryoyin da aka ɗauka aka ajiye, Hausa tana da shi jibge: shirye-shiryen rediyo na shekaru masu yawa, finafinan Kano, kaset-kaset na wa'azi da na waƙa. An ce Hausa ba dabo ba ce. To, ga masu dabo sun fara koyonta.

Abin da wasu suka yi

Ranar 11 ga Disamba 2025, gwamnar jihar Niyok ta ƙasar Amurka, Kathy Hochul, ta sa hannu a kan dokar da ta wajabta wa duk wanda ya shirya talla, in ya san akwai ƙagaggen mutum a ciki, ya bayyana haka a fili. Tarar laifin farko dalar Amurka 1,000 ce, wato sama da jika 500 na sefa. In aka sake, dalar Amurka 5,000. An ba da wa'adin kwana 180 kafin ta fara aiki, wato watan Yuni na 2026. A wannan rana ta sa hannu a kan wata dokar ta biyu, wadda ta ce ba a kasuwanci da suna ko siffar mamaci sai da yardar magadansa.

Faransa ta riga ta. Dokar 9 ga Yuni 2023 a kan masu tallata kaya a dandalin sada zumunta ta wajabta rubuta «Images virtuelles» a kan duk hoton fuska ko jiki da na'ura ta ƙaga, ta kuma tanadi ɗaurin shekara guda da tarar yuro 4,500, kusan sefa miliyan 3. Tarayyar Turai, a babbar dokarta ta 2024 a kan ƙirƙirarriyar basira, ta sa sharaɗin bayyana hotuna da muryoyin jabu, aka tsara sharaɗin ya fara aiki a watan Agusta na 2026. Ƙasar Sin kuwa tun 1 ga Satumba 2025 ta tilasta sa alama a kan abin da na'ura ta ƙaga, wadda ido ke gani da wadda ke ɓoye a cikin fayil.

A Nijeriya, hukumar kula da talla, ARCON, ta hana amfani da baƙin fuskoki da baƙin muryoyi a tallace-tallace tun daga 1 ga Oktoba 2022, don kare abincin ƴan ƙasa. Ke nan an riga an yarda a can cewa hukuma tana da hurumin tambayar wane ne ke magana a cikin talla. Sai dai ga baƙon da ya fi kowane baƙo baƙunta, wanda ba shi da fasfo balle a duba.

Dokar ido a ƙasar kunne

Mai karatu da ya saba da yadda ake kwafo dokoki daga waje, a sauya sunan ƙasa a sa hannu, ya kamata ya tsaya a nan ya duba da kyau. Dokar Niyok ta cire tallan murya zalla daga cikin hukuncinta, ta kuma cire inda aka yi amfani da na'ura don fassara maganar mutum na gaske zuwa wani harshe. Dokar Faransa rubutu ta nema a kan hoto. Waɗannan dokoki ne na ƙasashen da talla ke shiga ta ido, inda kusan kowa ke karatu.

A Magarya da Dungas, gundumomi biyu da ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 900,000 a cikinsu, talla ta kunne take shiga. Ta rediyo take shiga, ta lasifikar kasuwa, ta saƙon murya na WhatsApp da ake turawa daga waya zuwa waya, ta katin memori da masu cajin waya ke cikawa da waƙoƙi da finafinai da wa'azi. Manyan da ke karanta boko a ƙasar nan ba su kai rabi ba, a karkara kuma abin ya fi haka ƙaranci, musamman a tsakanin mata, waɗanda su ne masu sayen maganin yara. In aka kwafo dokar Niyok yadda take, an rufe taga an bar ƙofa buɗe. In aka kwafo ta Faransa, za a rubuta kalmomi biyu na Faransanci a ƙasan hoto, macuci ya cika sharaɗin doka, tsohuwar da ke Gushi ko Wasa kuma ta kalli bidiyon ba ta san an gaya mata komai ba.

Akwai matsala ta biyu. Facebook da TikTok suna da nasu alamomin da suke liƙa wa abin da na'ura ta ƙaga, amma alamar tana zaune ne a shafinsu. Da zarar wani ya sauke bidiyon a wayarsa, ya datse gefensa, ya tura wa abokinsa, alama ta faɗi a hanya. Bidiyon da ya iso ƙauye ya bi ta hannu goma, kamar takardar kuɗin da ta tsufa. Duk abin da ba a ɗinke a jikinsa ba, ba zai iso tare da shi ba.

Inda abin ya taɓa rai

Wani zai ce wannan damuwar masu ƙoshi ce, ƙasar da ke fama da tsadar hatsi da rashin tsaro ba ta da lokacin gardama a kan hotuna. Amsar tana cikin tarihin ƙasar nan. A 1995, lokacin annobar sanƙarau, an yi wa mutum fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu, wadda ta zo a matsayin kyauta, cikin kwalaye masu tambarin kamfanonin gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta mutuwar mutum 2,500 da wannan al'amari. Abin da aka yi jabunsa a lokacin shi ne tambari, domin shi ma'aikacin lafiya ke dubawa. Talaka kuwa ba tambari yake dubawa ba, fuska da murya yake dubawa, kuma su ne yanzu aka koyi yin jabunsu. Hukumar nan ta bayyana a 2017 cewa kashi 1 cikin 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci.

Magarya ta san darajar kwana guda a rayuwar yaro mai zazzaɓi. A watan Satumba na 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a can tun 2005, ta sanar cewa kimanin yara 10 ke rasuwa kowace rana a sashen yara na asibitin garin, galibi saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa, da yawa kuma an kawo su a makare. Duk abin da zai sa uwa ta ƙara kwana biyu a gida tana jiran wani ƙulli ya yi aiki, don ta ga likita mai farar riga a waya ya ce yana warkarwa, abu ne da ke iya zama sanadin rai.

Bayan rai sai dukiya. Ma'aikacin da ya haɗa albashin wata uku ya tura wa wata lamba don ya ga attajiri sananne ya ce a zuba a kwashi riba. Manomin da ya sayi iri ko maganin ƙwari don ya ji wani manomi kamarsa, da lafazin garinsu, yana cewa gonarsa ta ninka. Waɗannan ba wawaye ba ne. Sun yi aiki ne da ƙa'idar da suka gada, wadda ta ce mutum ba ya sa fuskarsa a kan ƙarya a bainar jama'a. Ɗan kasuwa na gaskiya shi ma yana cikin masu asara, ko da bai taɓa tura wa kowa ko tamma ba. Cinikin iyaka, daga Magarya zuwa Daura da Kano, daga Dungas zuwa Gumel, yana tafiya ne bisa amana: a kira waya, a ji muryar abokin hulɗa, a ɗora wake ko riɗi a mota, kuɗi su biyo baya. Ranar da murya ta daina zama shaida, bashi zai yi wuya, ciniki zai yi nauyi, kowa zai koma sai ya gani da idonsa ya taɓa da hannunsa.

Kada kuma a manta da masu cin abinci da murya: masu karanta sanarwa a gidajen rediyon karkara, ƴan wasan kwaikwayo, makaɗa da mawaƙa. Kuɗin sanarwa na daga cikin abin da ke riƙe da ƙananan gidajen rediyo. Haka nan babu abin da zai hana gobe wani ya tada muryar marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu tun 1999, ya sa ta yabon wani shayi ko wani man shafawa, iyalinsa ba su sani ba balle su yarda.

Ƙa'idar da ta dace da wurin

Nijar ba ta rasa dokoki ba. Akwai ta kare masu saye ta 2015, akwai ta laifukan intanet ta 2019, akwai ta kare bayanan mutum, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Akwai kuma hukumar sa ido a kan sadarwa, ONC, wadda aka kafa a 2025 a gurbin tsohuwar CSC. Amma an tsara waɗancan dokoki ne kafin wannan fasaha ta faɗo hannun kowa. Abin da ake bukata gajeriyar ƙa'ida ce wadda sarkin kasuwa zai iya haddacewa.

Da farko, sanarwar ta zama da baki, a farkon talla, da harshen da aka yi tallan, da ƙarfin murya daidai da na sauran maganar: wannan da za ku ji ba mutum ba ne, na'ura ce ta ƙaga shi. Ba ta cin daƙiƙa biyar. Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, ba hujjar a yi gargaɗi da Faransanci a kan tallan da aka yi da Hausa. Inda aka yi shi da Fulatanci ko Barbarci, gargaɗin ya bi shi. In bidiyo ne, alama ta zauna a tsakiyar hoton daga farko har ƙarshe, da boko da ajami, inda ba a iya datse ta.

Na biyu, ƙagaggen mutum yana iya bayanin kaya, amma ba ya ba da shaida. Wanda ba shi da ciki ba zai ce ya sha magani ya warke ba. Wanda ba shi da gona ba zai ce ya shuka ya girbe ba. Kada kuma a sa masa rigar likita, ko rawanin malami, ko kakin ma'aikacin gwamnati, domin waɗannan tufafi amana ce da wasu suka sha wuya kafin su sa. A harkar magani da iri da maganin ƙwari da zuba kuɗi, wannan hani ya zama babu sassauci.

Na uku, fuska ko muryar mutum na gaske, rayayye ko mamaci, ba a taɓa ta sai da yardarsa ko ta magadansa, a rubuce ko gaban shaidu.

Na huɗu, alhaki ya hau kan mai kaya. Ba a iya kai ƙagaggen mutum gaban alƙali, kamfanin da ya ƙera na'urar kuma yana bayan teku. Amma kowane talla, komai ƙaryarsa, yana ƙarewa da gaskiya guda: lambar da za a kira, ko inda za a tura kuɗi. Layukan waya da sunan mutum ake rajistarsu, masu aika kuɗi kuma suna karɓar takardar shaida. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Na biyar, tun da mafi yawan abin da ake kallo a wayoyin Magarya da Dungas daga kudu yake haurowa, maganar ta kai teburin Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijar da Nijeriya, wadda aka kafa tun 1971, hedkwatarta kuma tana Yamai. An rufe iyaka a 2019, an sake rufe ta a 2023, motocin kaya sun yi layi, amma ko bidiyo guda bai kwana a bakin shinge ba.

Masu shakka za su ce macuci ba zai sa alama ba, ko an yi doka ko ba a yi ba. Gaskiya ne. Amma hukuma ba ta fasa tsai da tiya ta awo don akwai masu bubbuga gindinta. Tiyar gaskiya ita ce ke sa a gane ta algus, a kuma samu abin kafa hujja a kan mai ita. In ƴan kasuwa na ƙwarai suka saba da faɗa, kunnen jama'a zai saba da ji, kuma kowa zai koyi cewa ba duk mai magana a waya ne ɗan Adam ba. Wannan darasi kaɗai ya fi tarar da za a ci.

Akwai kuma tsoron da ya dace a faɗe shi a fili. Dokar 2019 da gyaran da aka yi mata a watan Yuni na 2024, wanda ya maido da hukuncin ɗauri a kan wasu laifukan rubutu a intanet, sun sha suka daga ƙungiyoyin ƴan jarida. Ƙa'idar talla ta tsaya a kan talla: mai saye, mai sayarwa, da kaya. Wanda ya manta sanarwa a ci shi tara, wanda ya yi zamba a kai shi gaban shari'a da laifin zamba. In aka mai da ita bulalar dukan masu raha da masu suka, jama'a za su ƙi ta, macuta kuma su samu mafaka a cikin masu ƙin.

Kafin Yamai ta motsa

Ba sai an jira takarda daga Yamai ba kafin a soma. Shugaban gidan rediyo yana iya tambayar duk wanda ya kawo sanarwa a kati: muryar wa ce wannan? In ta na'ura ce, a faɗa kafin a sa. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa suna iya ɗaukar alkawari a tsakaninsu, kamar yadda suke yi a kan awo da bashi. Perfe da sarakuna da masu gari suna da tarurrukan da ake jin maganarsu. Ma'aikacin lafiya da malamin gona da mushen lakwal, waɗanda su ne jama'a ke kawo wa waya su ce duba mini wannan, suna iya koya wa mutane abu uku masu sauƙi: likitan gaske ba ya sayar da magani ta WhatsApp, attajirin gaske ba ya roƙon baƙo ya kawo jari, in murya ta nemi kuɗi, a kashe a sake kiran mai ita a lambar da aka sani, a tambaye shi abin da shi kaɗai zai iya amsawa.

In baƙo ya sauka a kasuwa da kaya masu kyau da baki mai daɗi, dattawa ba sa fara tambayar farashi. Sukan ce: daga ina, ɗan gidan wa, wa ya san shi a nan? Tambayar ba ta tsufa ba. Duk abin da dokokin Niyok da Faransa da Sin ke ƙoƙarin yi shi ne tilasta wa mai kaya ya amsa ta kafin a tambaye shi. Mutanen Magarya da Dungas suna da haƙƙin su ji amsar, da harshensu, da kunnensu, kafin su kwance bakin zane ko su sa hannu a aljihu.